Tsibirin da ya koya min duba kalanda kafin in yanki biye

Ajans ɗina ƙarama ce, nan Yamai kusa da Grand Marché, mu uku ne ciki. Aikinmu dai biye na jirgi, Umra, 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin, neman biza da kama ɗakin otel. Ribar ba ta da yawa, ɗan kamisho ne, sai mutum ya yarda da kai sannan ya dawo.

Wata rana wani Alhaji da na daɗe ina ma hidima ya shigo ya ce shi da iyalinsa Sao Tome suke so su huta. Na ce to Alhaji an gama, alhali wallahi sai da ya fita na buɗe taswira. Ashe tsibiri ne cikin tekun Gini, kamar kilomita 250 daga Gabon, girmansa wajen murabba'in kilomita 850, kenan gandun dajinmu na Parc W ya ninka shi fiye da sau biyu. Aman wuta ne ya haife shi, layi ɗaya da dutsen Kamaru da tsibirin Bioko, kuma babu kowa cikinsa sai da Turawan Fotugal suka iso wajen 1470.

Nan na tafka kuskure. Na ce mai Alhaji bari damina ta wuce ku tafi Nuwamba, ina lissafi da yanayinmu, ashe su a juye ne, raninsu da suke ce ma gravana daga Yuni zuwa Satumba yake, lokacin da mu muke shuka. Kwana shida ruwa na dukansu, ya kira ni ya ce ɗana, kai ka turo mu wanka ko hutu? Dutsen nan Cão Grande da ya miƙe tsaye kamar taɓarya, mita 663, ko ƙeyarsa ba su gani ba don hazo.

Kunya ta sa na je da kuɗina cikin Yuli, ba jirgi kai tsaye, sai an yada zango. Kudu kurmi ne mai duhu, gandun Obô, can ne dutsen Pico mai tsawon mita 2024 yake, da tsuntsayen da babu su ko'ina a duniya, har da wani ɗan ƙaramin jinjimi da na yi ta nema ban gani ba, jagora kuma sai gargaɗi yake kan baƙin kumurci cobra-preta. Kunkurun teku ma na fitowa bakin rairayi su yi ƙwai amma ba lokacinsu ba ne. Abin da ya tsaida ni shi ne arewacin tsibirin, wajen Lagoa Azul, busasshiyar ciyawa da itatuwan kuka, kuka fa irin tamu, ga teku shuɗi a bayansu. Na ɗauki hoto na tura ma Alhaji.

Yanzu kafin in yanki biye zuwa ko'ina sai na duba watan ruwan wurin. Shi kuma Alhaji har yau bai koma ba, ya ce Hajiya ta rantse.