Takalmin sefti na direban babbar mota: abin da na koya wajen saya wa direbobinmu

Sayen kayan aikin direbobi yana hannuna a kamfanin jigilar da nake yi wa aiki a Kano. Tirelolinmu suna kai kaya Legas su dawo, muna kuma da tankokin mai. Karon farko da na sayi takalma, na ɗauko mafi nauyi da kauri a kasuwa, ina ganin nauyin shi ne kariya. Ba a yi wata biyu ba na leƙa kan motoci na tarar da su jibge a ƙarƙashin kujera, direbobi sun koma silifa. Ba sa ɗauko su sai a ƙofar daffo ko ƙofar tashar jiragen ruwa ta Apapa, inda ba a barin mutum ya shiga sai da su. Alhali kuwa yawancin raunin ƙafa da nake gani a gefen hanya ake samunsa: wajen canjin taya da daddare, wajen saukowa daga kan mota, ko a saman bodi ana ɗaure tamfol. Tun daga nan abin da nake nema shi ne takalmin da direba zai yarda ya wuni da shi a ƙafa daga Kano har Jebba.

Abu na farko da nake yi a shago shi ne in ɗaga harshen takalmin in karanta tambarin da ke ciki. Na gaske yana ɗauke da EN ISO 20345, da lambar aji, da girman ƙafa, da wata da shekarar da aka ƙera shi. EN ISO 20345, wato ƙa'idar ingancin takalmin sefti, tana nufin murfin da ke kan yatsu ya jure bugu na jul 200, wato kamar ƙarfe mai kilo 20 ya faɗo daga tsayin mita ɗaya, ya kuma jure dannin kusan tan ɗaya da rabi. A lambobin aji kuwa, S1 yana da rufaffiyar dunduniya mai shanye jijjiga, kuma ba ya tara lantarkin da goge-goge ke haifarwa a jiki. S1P ya ƙara da faranti a cikin tafi don kada ƙusa ta huda. S3 yana da duk wannan, fatarsa kuma ba ta shan ruwa da wuri, ga haƙora masu zurfi a ƙasa. Mai zirga-zirgar Kudu da damina, wanda zai taka taɓon gareji a Ogere ko Ibadan, S3 nake ba shi. Mai yawon Arewa da bazara ya fi jin daɗin S1P, domin iska ta fi ratsa shi. Idan babu tambarin nan gaba ɗaya, ajiyewa nake yi ko da ya fi kowanne sheƙi. Nakan kuma danna murfin yatsun da dunduniyata in ɗora nauyina a kai. Na jabu, mai gwangwani ko roba marar ƙwari, nan take za ka ji ya lotsa.

Inda na fi yin asara shi ne ƙasan takalmi, don haka a nan nake daɗewa. Iri biyu ne suka fi yawa: mai PU (wani irin roba mai kama da soso) da mai roba. PU ba shi da nauyi, yana da laushi, ƙafa tana hutawa a cikinsa. Aibinsa shi ne laima da zafi suna cinye shi a hankali, musamman idan yana ajiye ba a takawa. Na taɓa raba wasu takalma sababbi dal daga kwali, fata tana ƙyalli, ɗinki lafiya lau. Kwana huɗu wani direba ya dawo min da nasa riƙe a hannu. Ƙasan ya farfashe kamar busasshiyar gurasa, idan ka murza da yatsa sai ya zama gari mai danƙo. Da na duba tambarin sai na ga an ƙera su shekara shida kafin su zo hannuna. Laifina ne da ban duba ba. Yanzu duk mai PU da ya haura shekara biyu da ƙerawa ba na saye, kuma kafin in biya sai na lanƙwasa shi sosai na sa farce na kankari gefen. In ya bar gurbi ko ya fitar da ɓurɓushi, ya riga ya mutu. Wannan ne ma ya sa nake tsoron na gwanjo. Fatarsa takan fi ta wasu sababbin kyau, amma ba ka san shekara nawa ya yi a cikin dila ba, ba ka kuma san ko wani abu ya taɓa faɗo wa murfin ba.

Mai robar nitiril ya ɗan fi nauyi, amma ya fi jure zafin kwalta da man gas. Alama biyu nake nema a tambarin. FO na nufin mai ba ya narkar da ƙasan. A tsohon tsarin EN ISO 20345 na 2011 wannan yana cikin S1 zuwa S3 kai tsaye, amma tun gyaran 2022 sai an rubuta shi daban, don haka sai ka duba da idonka. Sai alamar rashin santsi: SRC a tsohon tambari, SR a sabo. Matakalar kan mota ƙarfe ce, da zarar man gas da raɓa sun haɗu a kanta ta zama sabulu. Akwai kuma HRO, mai jure zafin digiri 300 na minti ɗaya, wanda masu kai kaya wurin aikin kwalta suke bukata.

Nauyi da faɗi su ne suka kori takalman farko daga ƙafar direbobi. Mai tuƙa tsohuwar DAF ko MAN ko Howo mai giyar hannu, a cunkoson hanyar Apapa ko ta Mokwa, zai taka kuloci sau ɗaruruwa kafin ya fita. Takalmi mai tsawo har ƙwauri yana ƙage idon sawu, gwiwa ta riƙa ɗaukar aikin. Mai faɗin ƙasa kuma yakan taɓa birki da totur lokaci guda, ko gefensa ya maƙale a ƙarƙashin fedar birki. Abin da ya yi mana daidai shi ne wanda ya tsaya a kan idon sawu, ƙafa ɗaya ba ta wuce giram 700 ba. Har kan sikelin mai shago nake ɗora shi. Murfin da ba na ƙarfe ba, wanda ake yi da haɗin faiba, ya fi sauƙi, ba ya ɗaukar zafi, kuma gwajin jul 200 ɗin nan shi ma ya ci shi. Direbobi da yawa ba sa yarda da shi sai sun ga tambarin, domin maganaɗisu ba ya kama shi.

Ban ƙara saye da lamba kawai ba. Lamba 43 ta wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da 43 ta wancan ba. Kowa da ƙafarsa yake zuwa, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da zai yi aiki da ita. A bar tazarar kaurin yatsa ɗaya tsakanin babban yatsa da murfi. Ya tsuguna, ya hau matakala, ya zauna a kujera ya danna kuloci. Fata tana saki da amfani, amma murfin yatsu ba ya saki har abada, saboda haka in gefensa ya ciji ƙaramin yatsa a shago, haka zai ci gaba da cizo. Mutanenmu da suka tashi da buɗaɗɗen takalmi yatsunsu a baje suke, mai faɗin gaba ya fi karɓarsu. Duk wanda ke da ciwon suga nakan roƙe shi ya riƙa duba ƙafarsa kullum da dare, don ƙaramin gurji a wurinsa yakan zama gyambo bai ji ba.

Akwai maganar alwala, wadda masu ƙera takalman ba su sa ta a lissafi ba. Mutumin da zai cire takalmi sau biyar a yini ba zai jure igiya mai rami takwas ba. Zai bar ta a kwance, igiya kuma ta naɗe feda. Mai roba a gefe ko mai zif ya magance wannan, ko da yake bai kai mai igiya riƙe idon sawu ba. A goge tsakanin yatsu ya bushe kafin a mayar da safa, in ba haka ba ƙaiƙayi da tsagewa za su biyo. Safa uku nake ba kowa a tafiya, masu kauri, ba na leda ba.

Direban tanka lissafinsa daban ne. Takalminsa dole ya zama mai sauke lantarkin jiki zuwa ƙasa, kuma kada ya cusa wani soso ko katifar roba a ciki don neman laushi, domin hakan yana iya yanke hanyar. Kayan jikinsa auduga zalla ko yadin da aka yi don jure wuta. Rigar ƙwallo da duk mai santsin leda tana tara lantarki, in wuta ta kama kuma narkewa take yi ta manne a fata.

Sauran kayan sawa ba su da wahalar zaɓe. Wando da riga daban-daban na auduga mai kauri sun fi obarol ɗin haɗe sauƙi wajen kama ruwa da zafi. Wandon kada ya zama mai aljihun baya mai maɓalli, zaman awa goma a kansa yana sa ciwon ƙugu. Jallabiya da doguwar riga a bar su sai an tsaya hutawa, domin bakinsu yana kama matakala da ƙugiyar bodi. Zobe ma a cire kafin a hau ɗaurin kaya. Riga mai ƙyalli ta rataya kusa da ƙofa inda hannu zai kai gare ta kafin a sauka, kuma a duba tambarinta, galibi wanki 25 aka ƙayyade mata kafin ƙyallin ya dushe. Safar hannu ta fata don igiya da sarƙa, ta nitiril don mai.

Takalmi in ya jiƙe kada a ɗora shi a kan inji ko kusa da murhun mai shayi. Zafin yana ɓamɓare gam ya busar da fata ta tsage. A zare shimfiɗar ciki, a cusa takarda, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Da hunturu a riƙa shafa masa man takalmi duk mako. Shumeka zai iya gyara ɗinkin sama, amma ba na yarda ya buga ƙusa ko ya liƙa faifan taya a ƙasa, don daga nan rashin santsin da sauke lantarkin duk sun tafi. Duk wata uku nake kifa takalman in duba. Wanda haƙoransa suka shafe a daidai inda yake taka kuloci, ko murfinsa ya leƙo ta fata, ko wani nauyi ya taɓa faɗo masa ko da bai nuna ba, karɓe shi nake yi in ba da wani.