Shekara huɗu da wagon ƙirar Jamus a ƙofar gidana

Mahaifina ya ci da mu da Fijo 504 wagon, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna, yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Zariya. A kujerar ƙarshe ta motar nan na girma, shi ya sa har yau doguwar mota mai faɗin baya ke burge ni fiye da kowace jif. Da na ga wata wagon ƙirar Jamus ta shekarar 2006 a wurin wani dillali a Kano, cikin 2021, ban tsaya dogon tunani ba. Daga Amurka aka kawo ta, injinta mai silinda 6 ne, lita 3.5, kujerun fata, ga wasu ƙananan kujeru biyu a but masu kallon baya waɗanda yarana suka fara rigima a kansu tun kafin mu gama ciniki. Kuɗinta bai kai na Toyota sa'arta ba. Na ɗauka na yi tsintuwa. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Wata biyar ban san wata matsala ba. Sai wata safiya ta hunturu na fito zan kai yara makaranta, na tarar bayan motar ya durƙusa kamar raƙumin da ake shirin yi wa lodi. Da na tayar da ita na ji wani ƙugi, a hankali ta miƙe. Na ce ai ta gyara kanta, na ci gaba da harkokina.

Irin wannan wagon ba ta da sifirin ƙarfe a ƙafafun baya. Jakunkunan roba ne cike da iska, da ɗan kwamfireso mai hura su, domin komai nauyin kayan da ka loda motar ta tsaya daidai. Robar da ta shekara 15 tana shan zafi da sanyi dole ta tsattsage, ga ƙurar garinmu tana shiga lanƙwasarta tana gogar ta. Ɗan hujin da ya fara fitar da iska shi ke sa kwamfireson aiki ba hutu, alhali an yi shi ne don ya hura na ɗan lokaci ya tsaya. Wata biyu na yi ina kallon motar tana kwana a durƙushe tana tashi da safe, har ranar da ta ƙi tashi. Kwamfireson ya ƙone. Maimakon jaka ɗaya, sai ga ni a Ƙofar Ruwa ina neman jakunkuna biyu da kwamfireso. Wannan kam laifina ne, ba na kowa ba.

Bakanikena na wancan lokacin, dattijo ne da ya gyara motar mahaifina shekara da shekaru, ya ce min: "Alhaji, mu cire wannan tarkacen mu sa mata sifirin, ka huta." Mutane da yawa haka suke yi, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai na ƙi, don dalilin sayenta ke nan: in loda buhun shinkafa da akwatunan iyali in kama hanyar Katsina ba tare da gindinta na shafar kowane tudun da ke kan titi ba. Na sayi jakunkunan hannu, 'yan Beljiyam, saboda sauƙi. Ɗaya ta sace cikin wata bakwai, kuma ban yi mamaki ba daga baya da na tuna ita ma shekarunta ɗaya da wadda na cire. Ƙarfe na hannu yana da amfani, roba ta hannu asarar kuɗi ce. Sababbi na sa aka aiko min daga Legas.

Giya ce ta raba ni da dattijon. Wata rana a hanyar Zariya motar ta maƙale a giya ɗaya, na taka mai sai kuka take ba gudu. Na kashe na sake tayarwa, ta dawo daidai, bayan kwana uku ta maimaita. Ya saurara, ya ce giyar ta tafi, a sayo wata gaba ɗaya. Na kusa biya. Wani abokina ne ya ja ni wurin wani matashi mai kwamfuta, ya jona na'urarsa, cikin minti kaɗan ya nuna min cewa wata 'yar na'ura mai auna gudun juyawa ce ta lalace, a jikin farantin lantarkin da ke cikin giyar. Giya mai hawa 7 ce, ba ta ma da sandar duba mai, ta ƙasa ake ɗura mata, kuma nata man daban ne. Aka gyara farantin, aka sauya mai da matata, shi ke nan. Har yau ina zuwa gaida dattijon, amma kunne da ƙwarewar hannu da suka ishe shi a kan 504 ba sa isa a nan.

Matashin nan ne kuma ya tsorata ni game da birki. Birkin ƙirar 2006 famfon lantarki ne ke matsa shi, kuma idan wani ya buɗe ƙofa ana cikin sauya takalman birki, yana iya matsawa da kansa ya datse wa mai aiki yatsu. "Oga, kar ka bari kowa ya taɓa birkin nan sai an kashe shi da kwamfuta," in ji shi. Famfon yana ƙirga yawan takun da aka yi masa, idan ya kai iyakarsa sai gargaɗi ya fito a allo. Nawa ya fito a shekara ta uku.

Ƙananan abubuwan ba su ƙirguwa: batir biyu take da su, babba da ƙarami, bakin mai lita 8 take sha a kowane juyi kuma ba na gwangwanin bakin titi ba, robobin ƙafafun gaba kuwa ramukan damina ke cinye su.

Duk wannan ina iya ɗauka, har zuwa 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Tankinta lita 80 ne. Lokacin da lita ke ƙasa da naira 200, da dubu 16 nake cika shi har da canji. Da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, cikawa ɗaya ta zama sama da dubu 80, ga cunkoson cikin gari da na'urar sanyaya mota a kunne tun daga Maris har ruwa ya sauka. Dala ma ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500, kuma kowane ƙusa na motar nan da dala ake shigo da shi. Mota ta tsufa, farashinta ya faɗi, amma kayan gyaranta ba su san ta tsufa ba, har yanzu kuɗin motar manya ake biya.

Uwargida ta ce in sayar. Na kira dillalin da ya sayar min, ya zagaya ta sau biyu, ya yi tayin da ya sa na ce masa Allah ya kai mu wani lokacin. Masu sayen wagon irin wannan ba su da yawa, kuma duk wanda ya san ta ya san abin da ke jiran sa.

Yanzu ƙaramar mota nake shiga kasuwa da ita. Wagon ɗin kuwa tana ƙarƙashin rumfa, ina ware mata wani abu duk wata ko ba ta yi ciwo ba, kuma duk safiya ina leƙa bayanta in ga ko ya sauka. Da Sallah muka tafi Katsina mu bakwai da kayanmu, ƙananan biyu suna but suna ɗaga wa direbobin tirela hannu, babu wanda ya ce bayansa na ciwo. A kan hanyar dawowa, daidai Bichi, fitilar injin ta kama.