Ranar da na lalata bututu mai inci 24

Na fi wata uku ina kallo kafin maigidana ya bari na taɓa injin lanƙwasa bututu. A ido aikin ba wuya. Ana zura bututun ta cikin wani zobe na jan ƙarfe, a damƙe gabansa da dogon hannu mai juyawa a kan turke, injin haidirolik kuma yana turo shi daga baya, sannu sannu kamar tafiyar hawainiya.

Babu harshen wuta ko kaɗan, zoben ma ba ya taɓa bututun. Lantarkin da ke kai-komo a cikin zoben ne ke haifar da maganaɗisu, shi kuma ya tayar da wani lantarkin a jikin ƙarfen har ya yi ja. Wurin da ke yin jan siriri ne, faɗin 'yan yatsu, zafinsa tsakanin digiri 850 da 1,100 a ma'aunin Celsius. Nan kaɗai ƙarfen ke laushi, nan kaɗai yake lanƙwashewa. Da ya wuce zoben sai ruwa ya feshe shi ya sandare. Nisan turken daga bututun shi ke yanke girman kwanar. Mu yawanci 5D muke yi, wato nisan ya zama ninki biyar na faɗin bututun, don na'urar da ake turawa ciki ta share layin mai ta wuce ba tare da ta maƙale ba.

Ranar da na kama aiki ni kaɗai, bututun X65 ne, wani nau'in ƙarfe da ake yin layin mai da shi. Na yi duk abin da aka koya mini. An kankare jikinsa tas, domin ɗan ɓurɓushin jan ƙarfe ko tutiya in ya narke a kai yana iya tsaga shi. Na juya layin waldarsa zuwa gefe, inda ƙarfen ba ya miƙewa kuma ba ya matsewa. Sai na kafe idona a kan ma'aunin zafi, lamba ta tsaya cak, ni kuwa ina ta jin daɗi.

Maigida ya zo wucewa, bai ko dubi ma'aunin ba. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin zoben.

"Kai, yaro, ina ruwan feshin wannan gefen?"

Wasu ƙofofin feshin sun toshe da datti. Jan ya bazu ta cikin kwanar, ƙarfen ya tattare kamar fatar tsoho. Hannuna ya kai kan maɓallin tsayarwa, maigida ya ce ko na tsayar ko ban tsayar ba, bututun ya riga ya lalace. Bututun da aka katse wa tafiya a tsakiyar kwana ba a karɓarsa.

Abin da ya fi zauna mini shi ne sakamakon gwaji. Na san bayan kwana yana sirancewa, cikinta yana ƙara kauri, shi ya sa ake fara aikin da bututu mai kauri fiye da na layin. Amma da aka auna taurin wannan, gefe da gefe sun sha bamban, har inda ido ke ganin sumul. Zafi da sanyayawar sun sake halin ƙarfen ta ciki, kuma ko saka shi a tanderu ba zai gyara tattarewar ba. Aka yanka shi, aka jefa cikin tarkace.

Yanzu kafin na kunna lantarki sai na saki ruwan shi kaɗai, na zagaya zoben da siririyar waya a hannu, ina bin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya.