Daren da sito ya yi yoyo

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullan ofis in koma koyarwa, bayan shekara tara ina kula da tsofaffin littattafan hannu a wani gidan tarihi da ba sai na kama suna ba. Abokan aiki sun ce in bar musu 'yar nasiha. Da na ɗauki biro, dare ɗaya ne ya yi ta dawo mini.

Cikin Agusta ne, wajen ƙarfe biyu, Baba maigadi ya kira ni. "Malam, ka zo, ruwa na zuba cikin sito." Ganyen darbejiya ya toshe indararo, ruwa ya kwanta a rufi har ya huda silin. Na iso sharkaf, muka tsaya bakin ƙofa muna jin ɗigonsa a kan kwalaye. Makulli yana aljihun Oga, Oga kuwa yana Abuja, wayarsa a kashe. Baba ya ɗauko guduma ya ce mu ɓalle kwaɗon. Na ce a'a Baba, kayan gwamnati ne, wa zai amsa tambaya gobe? Sai da aka kira assalatu na ce ya buga. Awa uku ina gadin kwaɗon da bai kai kuɗin buhun siminti ba.

Da muka shiga kuma na ƙara ɓarna da hannuna. Gafaka biyu, jakunkunan fatar da ake adana littattafan a ciki, sun sha ruwa. Na zaro takardun, na ɗauki tawul na shiga gogewa. Ni da na yi karatun allo, na san tawadar malamai da ƙaro ake haɗa ta, ita ce ake wankewa a ba mutum rubutu ya sha. Amma ruɗewa ba ta bar ni na tuna ba. Shafa ɗaya na yi, layi uku na wani littafin fiƙihu suka koma jikin tawul. Da gari ya waye na baje sauran a tabarma cikin rana. Takardu suka kanannaɗe, iska ta zo ta cakuɗa su. Littattafanmu na da ba ɗinke suke ba, ba su da lambar shafi, sai kalma ɗaya da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba. Wata huɗu na yi ina bin waɗannan kalmomi, kuma akwai shafukan da har yau ba su koma gidansu ba.

Daga baya na san cewa jiƙaƙƙiyar takarda ba a goge ta, ba a kai ta rana. Takarda mai tsotse ruwa ake ɗora mata a hankali, a shanya a inuwa da fanka, kowane littafi da jerinsa. Waɗanda suka manne ba a ɓamɓare su. Fumfuna na fara fitowa cikin kwana biyu zuwa uku, shi ya sa masana ke cewa abin da ba zai bushe da wuri ba a sa shi a leda a kai firiza. Da irin wutarmu, wannan sai dai a yi murmushi.

Duk wannan ilimi yana cikin ginin a daren. Oga ya je kwas ɗin shirin ko-ta-kwana har sau biyu, takardun shaida suna rataye bayan kujerarsa. Akwai ma kundin tsari mai bango mai sheƙi a durowarsa, da Turanci. Ba a taɓa karanta mana shi ba, balle a gwada. Baba, wanda shi kaɗai ke kwana da kayan, bai san inda ake kashe babbar wuta ba, bai taɓa zare fil ɗin tukunyar kashe gobara ba. Da Oga ya dawo, abin da na samu shi ne takardar tuhuma kan lalata kwaɗo. Na ce, "Ranka ya daɗe, da na ɓalle shi tun ƙarfe biyu, da ba mu yi asarar komai ba." Ya ce ba a nan take ba, tsari tsari ne.

Na daɗe ina ɗauka matsalar talauci ce, sai na ga gobarar gidan tarihin ƙasa na Brazil a Rio, ranar 2 ga Satumba 2018. Bayan an rufe gidan ta tashi, 'yan kwana-kwana suka tarar famfunan kusa ba isasshen ruwa, mafi yawan kaya kusan miliyan 20 suka ƙone. A Timbuktu ta ƙasar Mali kuwa, a 2012 zuwa farkon 2013, lokacin da 'yan bindiga suka mamaye garin, Abdulƙadir Haidara da masu ɗakunan karatu na gado sun kwashe littattafai a akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, ta mota da kwale-kwale. Sun san abin da ke hannunsu, kuma ba su tsaya jiran sa hannun kowa ba.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. A share indararo kafin ruwan fari. Kada kwali ya zauna a ƙasa, ko bulo ne a sa masa. A zaɓi kaya goma da za a fara fitarwa, a sa musu alama. A ɗauki hoton komai, a ajiye kwafin rajista a wajen ginin. Tamfol, tocila da bokiti su zauna kusa da ƙofa.

Ba tare da na nemi izini ba, duk farkon damina nakan tara Baba da masu shara mu gwada, da Hausa, minti arba'in. Bara wayar fanka ta yi tartsatsi a ɗakin nuni da Asabar, wata mai shara ce ta ruga ta kashe babbar wuta kafin ma a neme ni. A rahoton shekara an rubuta cewa horon da shugabanni suka samu ne ya yi amfani.

Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina. Makullin sito na biyu, wanda na yanko da kuɗina, yana cikin gwangwanin goron Baba. Wanda zai gaje ni ya tambaye shi.