Finafinan da aka watsar sun dawo a faifai

Jama'a, wai kun san akwai kamfanoni a Turai da Amurka da ba su da wani aiki sai tono tsofaffin finafinan da ba wanda ya damu da su? Irin na arha ɗin nan, jini faca-faca, dodanni, bokaye, karate, waɗanda aka yi a Indunusiya da Turkiyya da Italiya wajen 1970 zuwa 1980. Mondo Macabro na cikinsu, su ne suka fito da Zinda Laash, fim ɗin Pakistan na 1967 a DVD. Akwai kuma Vinegar Syndrome da Severin a Amurka, sai su nemo asalin fim ɗin a sito, wani har ya fara ruɓewa, su wanke, su gyara kala, su sa hira da tsofaffin ƴan wasan, su buga ƴan kwafi kaɗan mutane na rububi.

A Ingila kam har dokar tace kasakasan bidiyo aka yi a 1984 saboda irin waɗannan finafinan.

Mu nan Kaduna fa sai wahala. Dala ta yi tsada, kuɗin aikowa wani lokacin ya kusa kamo na faifan, sannan ga maganar rijin, wato yankin duniya da aka yi faifan dominsa: faifan Blu-ray ɗin Amurka rijin A ne, mu Afirka B, in an kulle shi wallahi na'urarka ko kallonsa ba za ta yi ba. Kasuwar Barci kuwa kar ma ka wahalar da ƙafarka nemansu. Ni dai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, kasakasan Hausa na shekarun 1990 na can suna funfuna a kwali, ba mai tono su.