Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Balas ɗin Kwana Biyar

Makon jiya mun tsaya ne a daren Lahadi 15 ga Janairun 2012, ina kwance a ɗakina a Tudun Wadan Zariya da rediyo a kan ƙirji, uwargida tana mitar in rage murya kada yara su farka. Da gari ya waye Shugaba Jonathan ya yi jawabi, ya ce litar mai ta sauko daga naira 141 zuwa 97. Kafin rana ta faɗi ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka janye yajin aikin da suka shiga kan ƙarin kuɗin mai. Ni ma na yi murna kamar kowa, har zuwa Talata da asuba da na je karɓar makullin mota.

Na tarar da Alhaji mai motar a zaure ya lulluɓa da bargo, kaskon wuta a gabansa, don hunturun shekarar nan bai zo da wasa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Bai miƙo makulli ba, sai ya jawo littafin nan nasa mai jan bango ya buɗe.

"Litinin zuwa Juma'a ka ajiye mini mota. Kwana biyar, dubu goma sha biyar ke nan. Yaya za mu yi da su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai duk ƙasar ce ta tsaya. Da na fito da ita da yanzu ba ta da gilashi ko ɗaya."

Ya ce shi bai kira yajin aiki ba, kuma tunda kuɗin mota ya tashi, daga yau balas ya koma naira 4,000.

Bari in ɗan yi wa wanda bai taɓa riƙe sitiyarin haya ba bayani. Direban bas irina ba shi da albashi. Da bashi yake wayar gari. Kafin ka taka kuloci ka riga ka ci bashin mai mota, a lokacin naira 3,000 ne a wuni, wannan shi ne balas. Kai za ka sayi mai, kai za ka yanki tikitin yuniyon, kai za ka sallami kwandasta, kai za ka yi faci, kai za ka san yadda za ka yi da masu tsare hanya. Abin da ya rage bayan isha'i shi ne naka, in ya rage. Ma'aikacin gwamnati da ya zauna a gida makon yajin aikin albashinsa na nan, a lokacin ma ba a daɗe da mayar da mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ba. Ni kuwa da muka yi yajin tare, na fito da bashin 15,000.

Motata tana shan kusan lita 25 a wuni tsakanin Samaru, Kwangila, PZ da Sabon Gari. A kan tsohon farashi na naira 65 kuɗin mai 1,625 ne. A kan 97 ya zama 2,425. Naira 800 ta tafi kullum tun ban ɗauki fasinja ba. Ga wani abin da Alhaji ya yi kamar bai sani ba: malaman jami'a suna nasu yajin tun farkon Disamba, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sun watse. Hanyar Samaru ba ɗalibai kamar kasuwa ce ranar da ba ta ci. Sai ka tsaya a bakin babbar ƙofar jami'a kwandasta yana ta "Sabo, Sabo, PZ" har muryarsa ta dushe, mutum huɗu ne a mota.

Da na isa tasha na zauna wajen mai shayi, ban ma buɗe baki ba na ji wani yana ba da labarina da bakinsa. Ashe kusan kowa an buɗe masa littafi a safiyar nan. Wani tsohon direba da muke kira Baba, wanda ya fara tuƙi a hanyar Funtuwa tun ba a haife ni ba, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To tikitin da muke yanka kullum na mene ne? A je wa Ciyaman."

Nan fa gizo ke saƙar. Yuniyon ɗinmu ba ta rasa amfani ba, gaskiya ɗaya ce. In aka kama ka, su ke zuwa beli. In aka yi maka haihuwa ko rasuwa, ana haɗa maka wani abu. Su ke tsara layi kada mai ƙarfi ya yi lodi sau biyu mai rauni yana kallo. Amma shiga tsakanin direba da mai mota, wannan ba a saba ba, kuma da dalili. A sana'armu direban da Allah ya buɗa wa mota yake saya ya ba wani, bai kuma fita daga ƙungiya ba. Ciyaman ɗinmu kansa motocinsa biyu suna kan layin. Sakatare yana da ɗaya. In an ce a zauna ciniki, a wane benci za su zauna?

Duk da haka Ciyaman ya karɓe mu. Ya ce a rubuto koke a takarda, shi kuma zai kira masu motoci. Da yake na gama sakandare kuma rubutuna yana karantuwa, sai kowa ya juyo yana kallona. Haka na zama magatakarda ba tare da an tambaye ni ba.

Muka taru bayan masallacin tasha bayan isha'i, mu kusan talatin, ina riƙe da littafin makarantar ɗana da tocila. Na zaci maganar kwana biyar da ƙarin balas kawai za a yi. Ina! Kamar an fasa ƙurji. Wannan ya ce mota ta kwana uku a gareji ana jiran giyabos, an lissafa masa balas ɗin kwana ukun. Wancan ya ce taya ta riga ta zama sulɓi tun kafin a ba shi motar, da ta fashe a Kwangila aka cire kuɗin a jikinsa. Wani ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar ta biyu aka aiko karɓar makulli. Aka shiga maganar ciwon baya da basir, da samarin da ke haɗiyar ƙwaya don kada barci ya ɗauke su a kan sitiyari, tunda daga sallar asuba sai ƙarfe tara na dare ake ajiye mota. Wani mai 'ya'ya shida, mutum ne da ba ya yawan magana, ya ce autarsa in ta gan shi da rana kuka take yi, don ba ta san fuskarsa da hasken rana ba. Aka yi dariya, amma gajeriya.

Baba kuwa abu ɗaya ya nema. Ya ce shekara da shekaru yana sallar Juma'a a gefen titi, ido ɗaya a kan liman ido ɗaya a kan mota. Yana so kafin ya mutu ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya tafi masallacin Juma'a na cikin birni tun ƙarfe goma sha biyu, ba tare da tunanin balas ba.

Akwai wani maƙwabcina malamin jami'a, wanda yajin aikinsu ya bar shi zaune a ƙofar gida yana karanta jarida. Na kai masa takardar ya gyara mini. Ya karanta ya girgiza kai, ya ce a ƙasashen Turai doka ta ce direban bas na doguwar tafiya in ya yi awa 4 da rabi yana tuƙi sai ya huta minti 45, kuma a ƙa'ida awa 9 ce iyakar tuƙinsa a wuni. Da na kai wa 'yan tasha wannan labari sai da wani ya ƙware da shayi. Amma Malam ya ba ni shawarar da ta yi amfani. Ya ce mu nemi fiye da abin da muke sa rai, mu kuma san abu ɗaya da ba za mu saki ba. Kada mu amince da komai a wurin zama, mu riƙa cewa sai mun koma mun ji ta bakin jama'a. Sannan duk abin da aka yarda a rubuta a sa hannu. Na ce, "Malam, in an rubuta shi ke nan?" Ya yi murmushi ya ce su ma tasu yarjejeniyar da gwamnati a rubuce take tun 2009, ga shi zaune a ƙofar gida. Amma aƙalla suna da abin da za su ɗaga su nuna.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka yi zaman farko a ofishin yuniyon. Masu motoci shida a benci ɗaya, mu biyar a ɗaya. Ciyaman ya ja kujerarsa tsakiya ya ce, "Yau ba ni da mota." Kowa ya yi dariya, har Alhajina.

Na miƙe na karanta takarda, gwiwata tana rawa. Ban san suna da abin cewa ba sai da suka fara. Ɗaya ya lissafo farashin taya da bakin mai da batir a Sabon Gari, duk sun tashi tare da fetur, kuma ba su sauko da shi ba. Wani ya ce direbansa yakan ce mota na gareji alhali ya ɗauki shatar biki zuwa Giwa. Wannan gaskiya ne, na san direban, yana zaune kusa da ni. Wanda ya fi kashe mini jiki wani dattijo ne, tsohon malamin firamare, da ya sayi bas ɗaya tilo da kuɗin sallamarsa. Ya ce, "'Ya'yana, kwana biyar ɗin nan ni ma ba a ɗora tukunya da kuɗin mota a gidana ba. Ni wa zan kai wa takarda?" Ban sami amsa ba. Da na zo da tunanin benci biyu ne, na azzalumai da na waɗanda aka zalunta. Sai na ga shi wannan dattijo da Alhajina mai motoci bakwai ba abin da ya haɗa su sai bencin.

Aka tashi ba a cim ma komai ba. Zama na biyu ma haka, har Alhajina ya ce ga samari nan masu lasisi suna yawo ba aiki, wanda ya gaji ya ajiye makulli. Shi ma ya san sabon hannu kan kashe inji a wata guda, amma barazanar ta shiga jikinmu. Ƙarfin da muke da shi ɗaya ne: motar da yuniyon ba ta ba tikiti ba, ba ta lodi a layi. Wannan makami kuwa a hannun Ciyaman yake, kuma ya ƙi ko kallon inda yake.

A zama na uku ne Baba, wanda tun farko bai ce uffan ba, ya gyara zama ya kira Ciyaman da sunan da ake kiransa tun yana yaron mota. Ofis ya yi tsit. Ya ce, "Lokacin da mahaifinka ya rasu, kwana nawa ka yi a zaman makoki?" Ciyaman ya ce uku. "Mai motarka ya lissafa?" Ciyaman ya sunkuyar da kai. "Wa ya biya maka?" Bai amsa ba, don duk wanda ya daɗe a tashar ya san Baba ne ya zaga da hula. Can sai Ciyaman ya ɗago ya ce shi dai a nasa motocin biyu ya yafe kwana biyar ɗin, kuma duk motar da aka canza wa direba saboda wannan magana sai an zauna kafin a ba ta layi.

Daga nan ciniki ya zama ciniki. Kwana biyar aka raba: mu biya biyu a hankali, a yafe uku. Tsohon malamin nan muka ce direbansa ya biya uku, ba wanda ya yi gardama. Balas ya tsaya a 3,500, da sharaɗin a sake zama in ɗalibai sun dawo. Ranar da mota ta wuni a gareji ba balas, amma sai makanikin mai mota ya shaida. Juma'a rabin balas, wannan shi ne abin da muka ƙudura ba za mu saki ba, kuma saboda shi muka haƙura da maganar taya. Rashin lafiya suka ƙi fur. Abin da aka samu shi ne marar lafiya ya kawo wanda zai riƙe masa mota har mako guda, yuniyon ta tsaya masa, mu kuma mu riƙa tara naira 50 kullum a asusun jinya. Maganar awannin aiki da Malam ya sa na rubuta a layi na ƙarshe, ko karanta ta ba a bari na gama ba. Direbobin ma ba su goyi bayana ba, don wanda ke bin balas ba ya son a ce masa ya ajiye mota da wuri.

Na kwafe komai da kyakkyawan rubutu, aka buga a wani shagon kwamfuta a PZ. Masu sa hannu suka sa, masu dangwale suka dangwala. Da takarda ta iso gaban Alhajina sai ya ture ta da bayan hannu, ya ce shi maganarsa ta fi takarda. Ya dube ni ya ce, "Ashe kai ne mai alƙalamin." Na ce, "Ranka ya daɗe, sa ni aka yi." Ya ce, "Madalla."

Juma'ar nan na hango Baba a Ƙofar Doka da farar babbar riga, ya nufi cikin birni a ƙafa. Na yi masa hon, ya ɗaga mini hannu bai tsaya ba.

Asabar na yi aiki, Lahadi na yi aiki, na kai 3,500 kowace rana, Alhaji ya karɓa ya rubuta bai ce komai ba. Litinin da asuba na isa ƙofar gidan, inda mota ke kwana ba komai sai ɗigon bakin mai a ƙasa. Na leƙa zaure, ƙusar da ake rataye makulli wayam. Wani almajirin gidan ya fito yana karkarwar sanyi, ya ce Alhaji ya ce a gaya mini ɗan ƙanwarsa ya fita da motar, kuma in na tashi kawo kuɗin kwana biyun nan in ba shi ya ajiye.

Naira 200 ce a aljihuna, sai kwafin takardar da na ninke huɗu. Ban koma gida ba, don ban san abin da zan ce wa uwargida ba. Na ɗaura rawani na kama hanyar tasha a ƙafa, ina so in riga motar isa layi, in ga ko Ciyaman zai yanka mata tikiti.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.