Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rumfar Inna

Makon jiya na tsaya a watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, kuɗin da muke kashewa nan Kamaru. Faran ɗaya na Faransa da muke canjawa sefa 50 ya wayi gari 100. Ni kuwa kayan babur nake sarowa daga Duwala, duk na waje ne. Abin da ke hannuna bai sayi rabin kayan da na saba ɗaukowa ba. Kafin damina ta faɗi na rufe shago.

Yau dai ba zancen shago zan yi ba, zancen tuwo ne.

A unguwarmu ta Yelwa, nan Garwa, akwai wata rumfar kwano mai benci uku, ba allo, ba suna. Rumfar Inna kawai ake cewa. Tuwon dawa take yi da miyar yakuwa, wadda Fulani ke kira folere, ta sa gyaɗa ta kashe tsamin. Ran Juma'a akwai giwan ruwa daga madatsar Lagdo. Na ci tuwo a Marwa, na ci a Yola, ban ga mai hannunta ba. Matata ta san na faɗi haka, har yau ba ta yafe mini ba.

Lokacin da kasuwa ke ci, da na shigo sai in ɗaga murya: “Inna, a sa mini tsakiyar kifi!” Da abu ya lalace, sai na koma zuwa bayan azahar, an watse, in zauna ƙarshen benci in ce na dala ashirin, ban da nama. Mu dai da dala muke lissafi, dala ashirin sefa ɗari ke nan.

Ba ta taɓa tambayata ba. Sai dai in kai loma ta uku in ji kan kifi kwance a ƙarƙashin tuwo. Ranar da na ce, “Inna, ai ban biya wannan ba,” ko juyowa ba ta yi daga tukunya ba.

“Ci abinka, ɗan nan. Ludayi ne ya kuskure.”

Ludayin nan wata bakwai yana kuskure.

Masu cin bashi kuwa, da gawayi take ja musu layi a bangon bayan murhu, kowa da gefensa, mai kabu-kabu da ɗan dako da malamin makaranta. Ni ma na sami nawa gefen. Da aka fara awon auduga na sami aikin lodi, na je da kuɗina a aljihu, na tsaya gaban bango zan ƙirga. Wurina fes, an shafe da farar ƙasa. Inna ta ce ba ita ta shafe ba, wani ne ya zo ya biya, ya kuma roƙe ta kada ta faɗi sunansa.

Sai bayan shekara biyu na san ko wane ne. Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.